Ku Bar Yaron Nan da Gawayinsa

Wata ranar Asabar da yamma, saura kwana kaɗan Kirsimati, na ji kukan yaro yana fitowa daga gidan maƙwabcina a unguwarmu ta Sabangali, cikin birnin Injamena. Da na leƙa sai na tarar da uban riƙe da tsumagiya, yaron kuwa, ɗan shekara tara, ya maƙure a lungu, hannuwansa baƙi ƙirin da gawayi. A jikin bangon da aka shafa wa farar ƙasa jiya-jiya, ga ƙatuwar dorina an zana, ta wage baki, ga wata a cikin bakin nata.

Na ce, "Maigida, a yi haƙuri. Me ya yi da zafi haka?"

Ya ce, "Malam, dubi aikin da ya yi mini. Jiya na biya kuɗi aka shafe bangon nan. Wannan ma da sauƙi. Dubi shirmen da ya zana. Ina aka taɓa ganin dorina ta haɗiye wata? In ban cire masa wannan hauka tun yanzu ba, gobe zai zama irin mutanen nan masu yawo da gwangwanin fenti, ga gemu amma hankalin yara."

Na juya wajen yaron na ce, "Kai, ina ka samo wannan?"

Ya share hawaye ya ce, "Baba, gani na yi. Ran da muka je bakin Shari sayen kifi da almuru, wata yana cikin ruwa. Sai dorina ta taso daidai wurin ta buɗe baki, sai watan ya ɓace."

Uban yana nan a wannan almuru. Shi ma a gaɓar kogin yake tsaye, idanunsa biyu lafiya lau, amma yana ta cinikin kifi, bai ga kome ba. Ɗansa ya gani, ya riƙe a zuci har mako biyu, sa'an nan ya fitar da shi a bango. Ladan da ya samu shi ne tsumagiya.

Kada wani ya ce ina goyon bayan ɓarna. Bango na uban ne, kuɗinsa ya kashe, kuma daidai ne a sa yaron ya ɗebo ruwa ya wanke. Amma dukan nan kashi biyu ne. Akwai na bango, akwai kuma na gani. Na biyun ne ya sa na ɗauki alƙalami, gama ba a gidan maƙwabcina kaɗai ake yinsa ba. Ana yinsa a gidajenmu, da makarantunmu, har da makarantar Lahadi, wani lokaci da bulala, wani lokaci da dariya, wadda ta fi bulala zafi. Ni kuwa ina cewa kuskure ne babba, kuma mu ne muke yin hasara.

Abin da yaro yake gani

Ya ɗan'uwa mai karatu, yaushe rabonka da ka tsaya ka dubi ƙadangare? Na san ka gan shi yau da safe a kan katanga. Amma ka dube shi? Babba yana ganin abu, ya kira sunansa a zuci, ya wuce. Da zarar ya ce "ƙadangare ne", ido ya gama aikinsa. Yaro bai gama sanin sunaye ba tukuna, don haka yakan tsuguna. Yana ganin jan kan, da shuɗin jikin, da yadda yake gyaɗa kai kamar dattijo mai amsa gaisuwa. Sai ya tambaye ka wa yake gaisarwa, kai kuma ka ce masa ya rufe baki.

Sabo shi ne yake rufe mana ido. Wanda aka haifa a bakin kogi ba ya ganin kogi, sai baƙo ya zo ya tsaya yana kallo har mu yi masa dariya. Mai zane, da mai sassaƙa, da mai ginin tukwane, da mai shirya fim, mutane ne da suka girma amma suka ƙi barin sabo ya rufe musu ido. Suna da hannun babba, wanda ya sha shekaru yana koyon aiki, suna kuma da idon da yake duban abu kamar yau aka halicce shi. Abin da muke kira hauka a wurinsu ke nan. Mu da muke wucewa ta gaban Shari kullum ba mu ganin kome sai farashin kifi, mu ne masu hankali. Shi da ya ga wata a bakin dorina, shi ne mahaukaci. Wannan hukunci bai yi mini ba.

Harshenmu ma shaida ne

Masu cewa irin wannan gani baƙon abu ne da aka kawo mana daga Turai, su saurari bakinsu. Idan ruwa ya ɗauke, launuka suka fito a sama, me muke cewa? Bakan gizo. Wani ne a zamanin dā ya ɗaga kai ya ce Gizo na tatsuniya ya rataye bakansa, maganar ta yi daɗi har ta zauna. Tauraruwar nan mai haske da take fitowa kusa da wata, Zara muke ce mata, matar wata. Tarin ƙananan taurarin nan kuwa, kaza da 'ya'yanta. Wane ne ya ga kaza a sama? Ai ɗan'uwan yaron nan ne mai dorina. Da an zane shi da tsumagiya a ranar da ya faɗa, da harshenmu ya rasa wannan suna.

Magina kuma suka ɗauki bakan gizo suka sauko da shi cikin ɗaki. Lanƙwasasshen ginin nan na ƙasa da azara wanda yake ɗauke da rufin soro, sunansa ke nan har yau. Wanda ya je Zariya ya shiga tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, zai ga inda wannan gwaninta ta kai. Maɗinka suka dubi zaren da suke jerawa a gaban babbar riga suka ce aska ce, har muna da aska biyu da aska takwas. Mutum yakan sa riga mai aska takwas ya tafi sujada yana taƙama, ya dawo gida ya mari ɗansa don ya zana tsuntsu a bayan littafin lissafi. Bai san cewa abin da yake sanye da shi a jikinsa, daga irin wannan hannu ya fito ba.

Ƙasar da muke zaune ta masu zane ce

Duk Bahaushen da ya ji sunan Sabangali zai ji Sabon Gari a cikinsa. Birnin kansa ba tsoho ba ne. Faransawa suka kafa shi a 1900 da sunan Fort-Lamy, aka sāke masa suna Injamena a 1973. Amma ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafunmu ta tsufa ƙwarai. Mutanen Sao sun zauna a kwarin Shari da Logon, kudu da Tafkin Chadi, shekaru aru-aru kafin Bature ya iso. Tatsuniya ta ce ƙattai ne. Da masu bincike irin su Jean-Paul Lebeuf suka fara tono tun wajejen 1930 da 'yan kai, me suka samu? Manyan tuluna, da kayan tagulla, da ƙananan siffofin mutane da dabbobi na yumɓu, waɗansu ba su fi tafin hannu ba. Yau ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Chadi da sunan Sao take amsawa, ana kuma ajiye kayansu a gidan tarihi na ƙasa ana tsaro. To, je ka bakin kogi bayan ruwa ya janye, ka ga yara suna murza laka suna yin shanu masu tozo da ƙahoni. Laka ɗaya ce, hannu ɗaya ne. Na Sao muna sa shi cikin gilashi, na 'ya'yanmu muna takewa da takalmi muna cewa sun ɓata riga.

Kilomita kamar 10 daga birnin nan akwai ƙauyen Gawi na Kotoko, waɗanda suke cewa su jikokin Sao ne. Matan garin suna gina tukwane, suna kuma yi wa bangayen gidajensu zane da launin ƙasa. Baƙi sukan ɗauki mota su je kallo. Abin da ya jawo wa yaron maƙwabcina duka a Sabangali, shi ne abin da ya fitar da sunan Gawi.

Can arewa maso gabas kuma, a duwatsun Ennedi, akwai dubban zane-zane a jikin dutse: shanu, da raƙuma, da mahaya dawakai, da mata masu ado. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan gadon duniya a 2016. A Nijar, a Dabus kusa da Agadas, wani ya sassaƙa raƙumin dawa a kan dutse, tsawonsa ya fi mita 5, tun zamanin da hamada take da ciyawa da ruwa. Ba mu san sunan sarkin wancan zamani ba, ba mu san attajirinsu ba. Abin da ya rage mana shi ne aikin mutumin da ya ga raƙumin dawa ya kasa wucewa.

"Ai gumaka ne"

Ga hujja ta fari da nakan ji a bakin waɗansu dattawan ikkilisiya, kuma ba na raina ta. Da yawa cikin iyayenmu sun fito ne daga gidajen da ake yanka kaza a kan sassaƙe, sun sha wuya kafin su rabu da abin, don haka duk siffa takan tsorata su. Suna cewa doka ta hana yin siffar kome, suna nuna Littafin Fitowa sura 20.

Amma a ci gaba da karatu mana, kada a rufe littafin a nan. A sura 25 an umarta a ƙera kerubobi na zinariya a kan akwatin alkawari, da alkuki mai kofuna kamar furen almon. A sura 28 an ce a yi wa gefen rigar babban firist ado da siffar 'ya'yan rumman, waɗansu ma da shuɗin zare. Ka taɓa ganin shuɗin rumman a kasuwa? A sura 31 an kira Bezalel ɗan Uri da sunansa, tare da Oholiyab, aka ce Ruhun Allah ne ya cika shi da gwanintar ƙira da sassaƙa da tsara zane. Sai a sura 32 Haruna ya narka 'yan kunne ya yi ɗan maraƙi, fushi ya sauko. Zinariya ce a hannun Bezalel, zinariya ce a hannun Haruna. Bambancin yana wajen gwiwa: wancan an yi shi don ado da hidima, wannan an durƙusa masa. Macijin tagulla ma Musa ne ya yi shi bisa ga umarni, yana nan shekaru masu yawa ba laifi, sai da mutane suka fara ƙona masa turare sa'an nan sarki Hezekiya ya farfashe shi.

Yaron nan bai durƙusa wa dorinarsa ba. Bai yanka mata kaza ba. Gumakan da suka fi damun mu a yau ba a zana su da gawayi, a aljihu ake sa su, a banki ake ajiye su. Kuma a tuna, hotunan da malaman makarantar Lahadi suke ɗagawa suna koya wa yara, wani ne ya zana su. Maƙwabtanmu Mafa na arewacin Kamaru, tun daga 1973, suka riƙa yin wasan kwaikwayon labaran Bishara a ƙauyukansu, aka zana su da fuskokinsu da bukkokinsu da tulunansu, hotuna fiye da 60, waɗanda suka zaga ƙasashe da yawa. Sai mu karɓi hoton in ya zo daga nesa a cikin kwali, mu hana hannun da zai iya yin irinsa a cikin gidanmu?

"Ai yarinta ce"

Hujja ta biyu ita ce, mutum in ya girma sai ya bar al'amuran yara, kuma manzo Bulus ya faɗi haka ga Korantiyawa. Gaskiya ne. Amma mene ne al'amuran yara da ake so a bari? Son kai, da kuka don abin da ba a samu ba, da rashin haƙuri, da gudun aiki. Waɗannan kuwa na ga masu furfura da yawa da suke riƙe da su gam. Sun yar da mamaki, sun ajiye rigima. Ashe sun zubar da tsaba sun adana dusa.

Sa'ad da almajirai suke gardamar wane ne babba, yaro aka kira aka tsayar a tsakiyarsu, kamar yadda Matiyu ya rubuta a sura 18. Malamin da ya yi haka, shi ne kuma ya ce wa mutane masu damuwa da ci da sutura su tsaya su dubi tsuntsaye da furannin jeji. Misalansa duk na mai lura ne: ƙwayar mastad, yisti a cikin gari, kaza da 'yan tsakinta, mace mai share ɗaki tana neman kuɗinta. Wanda yake wucewa da sauri ba ya ganin waɗannan. Muna karanta su kowace Lahadi, mu fito mu hana yaro tsayawa kallon tururuwa.

Akwai bambanci tsakanin halin yarinta da idon yaro. Na farko tarbiyya ce take gyara shi. Na biyu kuwa baiwa ce da kowa ya zo da ita, kaɗan ne suke tsira da ita har girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma tanƙwarawa dabam, karyawa dabam.

"Zane ba ya cika ciki"

Wannan ita ce hujja mai ƙarfi, kuma ita ce ainihin abin da yake zuciyar maƙwabcina. Talaka ne, yana biyan kuɗin makaranta da ƙyar, yana so ɗansa ya zama likita ko ma'aikacin ofis domin ya huta a tsufansa. Ba zan yi masa ƙarya ba. Masu zane da yawa sun rayu cikin rashi. Vincent van Gogh, mutumin Holan, wanda ya taɓa yin wa'azi a cikin masu haƙar kwal a Beljiyam a 1879, ƙanensa ne yake ciyar da shi har ya mutu a 1890, ko da yake yau sai manyan attajirai suke iya sayen zanensa. A garin nan ma ba kowane mai fenti yake cin abinci sau uku ba.

Amma a duba ɗaya gefen. Ladi Kwali, 'yar Gwari ce daga ƙauyen Kwali a Nijeriya, ba ta yi karatun boko ba. Ginin tulu ta koya tun tana yarinya, tana zana ƙadangaru da kunamai da kifaye da kadoji a jikinsu. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta dā, wadda ake kira Suleja yanzu. Ta je Ingila da Amurka tana nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, aka kuma sa hotonta a takardar naira 20. Mace mai zana ƙadangare ta hau kan kuɗin da muke cewa zane ba ya kawowa. Pablo Picasso, ɗan Sifen, ya shiga wani gidan tarihi a Faris a 1907, ya ga sassaƙe-sassaƙen Afirka, abin ya juya masa hannu, ya kuma juya zanen Turai. Abin da muka raina, wasu suka ɗauka suka ci riba.

Ko a nan kusa, wa ya rubuta allon shagon mai aski, da na mai gyaran babur, da na mai sayar da magani? Wa yake tsara ɗinkin da matanmu suke rububi a kai lokacin biki? Wa yake zana hotunan littattafan makaranta, da tallan da muke gani a waya? Magini ba ya aza tubali sai ya ga ɗakin a zuci. Makaniki mai kyau yana ganin cikin inji kafin ya kwance. Yaron da yake lanƙwasa waya da gwangwanin madara yana yin mota mai tafiya, lissafi yake yi ba da alli ba. Ba na cewa kowane yaro ya zama mai zane. Cewa nake kada a kashe idon, gama likitan da kake so ɗanka ya zama, shi ma da ido mai lura zai gane ciwo.

Abin da yaƙi ya koya mana

Akwai kuma abin da ya fi ciki. Birnin nan ya sha wuta. An yi yaƙi a titunansa a 1979 da 1980, mutane suka haye Shari zuwa Kusuri da abin da suka iya ɗauka a ka. An sāke gudu a watan Fabrairu na 2008. Mulkin Hissène Habré, daga 1982 zuwa 1990, ya bar gidaje da yawa da makoki, har aka yanke masa hukunci a Dakar a 2016. Ƙasar da ta ga wannan, wa zai taimake ta ta dubi kanta?

Mahamat-Saleh Haroun, wanda aka haifa a Abeshe a 1961, yaƙi ne ya fitar da shi daga ƙasar har ya kai Faransa. A fim ɗinsa Abouna na 2002, wato "ubanmu", yara biyu ne suka tashi da safe suka tarar ubansu ya tafi. Suna nemansa har suka shiga silima, suka ga wani a majigi suka tabbata shi ne, suka sace faifan fim ɗin suna dubawa ko za su same shi a ciki. Babba zai ce wauta. Amma duk wanda ya rasa uba ya san zuciya takan yi haka. A Daratt na 2006, wanda ya sami lambar yabo a Venis, an ba saurayi bindiga aka aike shi ya kashe wanda ya kashe ubansa. Ya tarar da mutumin yana gasa burodi, ya shiga koyon aiki a wurinsa yana jiran rana, har ya fara ganin mutum a inda dā yake ganin abokin gāba kaɗai, a ƙarshe bai kashe shi ba. A 2010 wani fim nasa ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes, duniya ta ji sunan Chadi a kan abin da ba yaƙi ba, ba yunwa ba. Tun kafin shi ma, Joseph Brahim Seid ya tattara tatsuniyoyin ƙasar nan ya buga a 1962, domin kada abin da kakanni suke faɗa wa jikoki da dare ya ɓace.

Muna wa'azin gafara da ƙaunar maƙwabci. To, ta yaya mutum zai ƙaunaci maƙwabcinsa kamar kansa in ba zai iya ƙaga a zuciyarsa yadda maƙwabcin yake ji ba? Idon zuci da yake ganin wata a bakin dorina, shi ne yake iya ganin ɗan adam a fuskar wanda ba kabilarka ba, ba addininka ba. Wanda ya saba kiran suna ya wuce, haka zai yi wa mutane: wannan ɗan kudu ne, wannan ɗan arewa ne, shi ke nan. Mun ga inda wannan ya kai mu.

Ku ma masu zane, ga taku

Ba zan bar ku ba, gama wani ɓangare na baƙin jinin nan ku kuka jawo. Akwai wanda aka ba shi kuɗin allo tun watan jiya, har yau bai kawo ba, in an tambaya ya ce ilhama ba ta zo ba. Akwai wanda ya mai da baiwa hujjar shan giya da barin iyali da yunwa. Idon yaro aka ce ku riƙe, ba a ce ku riƙe halinsa ba. Ladi Kwali ta yi shekaru tana cuɗa yumɓu kafin kowa ya san sunanta. Bezalel ya gama aikin da aka ba shi daidai da awo. Ku cika alkawari, ku biya bashi, ku ɗauki yara ku koya musu da gaskiya. Sa'an nan uba ba zai nuna ku da yatsa ya ce wa ɗansa kada ya zama kamarku ba.

Abin da nake roƙo

Roƙona ba mai tsada ba ne. Iyaye, ku keɓe wa yaro gefe ɗaya na katangar bayan gida, ko ku ba shi tsohon kwali da guntun gawayi, ku ce nan ne naka, can kuma kada ka taɓa. Idan ya kawo muku abin da ya zana, kafin ku ce ba haka abin yake ba, ku tambaye shi me ya gani. Malaman makaranta, kada ku yage takardar yaro a gaban 'yan ajinsu. Malaman makarantar Lahadi, bayan kun ba da labarin Nuhu ko na Yunusa, ku raba takarda ku bar yara su zana, ku manna a bango iyaye su gani. Dattawa, in za a yi wa majami'a fenti ko a rubuta allo, ku nemi matashin da yake cikinku mai wannan hannu, ku kuma biya shi hakkinsa, kada ku ce ai na gida ne. Zumuntar mata, in kun sami dama ku ɗauki yara ku kai su Gawi da gidan tarihi, su ga cewa kakannin ƙasar nan ba su ji kunyar laka ba.

Yaron ya wanke bangon a wannan yamma, ni ma na kama masa. Gawayi ba ya fita sarai daga farar ƙasa, don haka har yanzu in rana ta karkata ana ganin inuwar dorinar. Bayan Kirsimati na kai wa maƙwabcina tsohon allon katako da kwalin alli, na ce a ba yaron. Ya karɓa, ya yi godiya, amma ya ce sai ya gama aikin makaranta kullum kafin ya taɓa. Na ce wannan sharaɗi ne mai kyau. Sa'an nan na roƙe shi abu ɗaya: ran da za su koma sayen kifi da almuru, in ya gama ciniki, ya tsaya tare da ɗansa minti biyar su dubi ruwan.